Malam Audi da Makullin Hanyar Sheme

A farfajiyar wani gidan burodi da ke bayan tasha a Ƙanƙara akwai baƙin allo rataye a jikin bango, kusa da famfo. A da, kowace safiya manaja yakan rubuta sunayen direbobi uku da alli, a gaban kowane suna ya sa hanyar da mai shi zai kai burodi. Hanyoyin uku ne: cikin gari, hanyar Malumfashi, sai hanyar Sheme, wadda ke miƙewa Yankara ta dawo ta Faskari. Biyun farko aiki ne kawai. Ta ukun ita ce 'yan bindiga ke tarewa, kuma duk wanda ya ga sunansa a gabanta yakan kira gida kafin ya tayar da mota.

Wata goma sha huɗu Malam Audi yana karanta allon nan. A cikinsu, in ji shi, ko sau ɗaya sunan Jabiru bai taɓa hawa layin Sheme ba. Na tambayi mutum uku daga cikin masu aikin tanderu, kowa daban, duka suka ce haka ne.

Malam Audi ɗan shekara hamsin da takwas ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, ba ya ɗaga murya. A Sabuwa aka haife shi, a gidan mahauta. Mahaifinsa ya so ya gaje shi, ya kuma koya masa wuƙa har ya iya, amma zuciyarsa na wajen mota. Ya ja motar auduga zuwa Funtuwa shekara tara, ya koma ɗaukar masara da waken soya daga kasuwannin ƙauye. Da bayansa ya fara ciwo sai ya nemi ƙaramar mota, ya dawo Ƙanƙara garin matarsa, ya kama aiki a gidan burodin. Bana shekararsa goma sha ɗaya a wurin. Yana da 'ya'ya bakwai, uku suna makaranta. Ba shi da gona a Ƙanƙara, wadda ya gada a Sabuwa kuma shekara huɗu ke nan ba wanda ya iya zuwa ya noma ta.

A zamanin tsohon manaja mako-mako ake juyawa. Da ya yi murabus, mai gidan burodin, wani Alhaji da ke zaune a Katsina, ya kawo Salahuddeen, matashi mai takardar difloma. Ma'aikata ba su musun cewa ya gyara abubuwa. Ya hana satar fulawa, ya sa an gyara rufin tanderu da ya shekara yana yoyo, ya kawo sabuwar mota. Bayan wata biyu kuma ya kawo sabon direba, Jabiru, ƙanin matarsa. Daga nan juyin mako-mako ya tsaya. Jabiru ya riƙe cikin gari da sabuwar mota. Malam Audi da ɗayan direban, Ɗanlahadi, suka riƙa musayar Malumfashi da Sheme, kuma duk wanda Sheme ta faɗo masa tsohuwar bas yake ja, wadda suke kira Gwaggo saboda ba ta tashi sai an lallashe ta.

Ɗanlahadi daga wani ƙauye yake kusa da Pauwa. Iyayensa sun bar ƙauyen sun dawo gari, shi ke riƙe da su. Shi ya fi zuwa Sheme, domin manaja yakan ce, "Kai ɗan daji ne, ka san lungun ko'ina." Ɗanlahadi ya gaya mini da farko ya ɗauka yabo ne.

A sati na biyu na azumin bara, wajen ƙarfe tara na safe, Ɗanlahadi ya sha wata kwana kafin Sheme ya hango babura a gicciye. Ya taka burki ya sa giyar baya. Gwaggo ta mutu. Ya murza makulli sau biyu kafin ta tashi, ya yi tafiya da baya kusan rabin kilomita yana kallon madubi, sannan ya samu wurin juyawa. Harsashi ɗaya ya huda ƙofar gefen fasinja, ya fita ta rufi. Na ga hudar, an liƙe ta da gam.

Da ya dawo ya nemi hutun kwana uku. Manaja ya ba shi ɗaya. A wannan satin ne Jabiru ya samu kwana uku don rakiyar wani abokinsa neman aure a Zariya. Ranar da Ɗanlahadi ya dawo aiki ya tarar da sunansa a layin Sheme. Ya tsaya gaban allon, ya ciro makullin Gwaggo daga aljihu ya miƙa wa Malam Audi.

"Baba, riƙe. Matata Rahila ta ce in na sake bin hanyar nan da motar nan, in dawo in iske ta gidansu."

"To in ka aje, mi za ku ci?"

"In na mutu fa, mi za su ci?"

Malam Audi ya karɓi makullin ya ba shi nasa, ya ce ya ɗauki Malumfashi, shi zai yi Sheme. Ya yi ta kwana huɗu a jere. A rana ta biyar ya shiga ofishin manaja ya rufe ƙofa. Abin da aka faɗa a ciki daga bakin Malam Audi na ji, manaja kuma bai musanta ba da na karanta masa.

"Manaja, na zo kan allo."

"Mi ya samu allo, Baba Audi?"

"Direbobi uku ne, hanya uku. Amma biyu ke cin ta Sheme."

"Jabiru sabon hannu ne. Kana so in tura yaro inda bai sani ba?"

"Ya shekara da wata biyu. Ni sati biyu na yi aka tura ni."

Manaja ya ajiye biro. Ya ce Jabiru shi kaɗai ne namiji a wurin mahaifiyarsa, kuma shi ya je har gida ya ɗauko shi ya ce zai kula da shi. In wani abu ya same shi, da wane ido zai dubi surukarsa?

"Uwar Ɗanlahadi tana nan Unguwar Tudu," in ji Malam Audi. "Idonta ɗaya ya mutu, amma tana gani da ɗayan. Wa zai je ya dube ta?"

"Baba, ni aka ba riƙon wurin nan. Wanda tsarina bai yi mashi ba, ƙofa ba a kulle take ba. Akwai direbobi zaune a tasha ba su da mota."

Wannan gaskiya ce, kuma Malam Audi ya san ta. Ya san mutum a shekarunsa, da bayan da ke ciwo, in ya fita daga ƙofar nan ba wanda zai sake ba shi makulli. Ya yi sallama ya fito. Washegari ya ga sunansa a layin Sheme, jibi ma haka, har ƙarshen azumi. Ba wanda ya ce masa hukunci ne. Ma'aikatan tanderu suka daina zama kusa da shi in manaja na farfajiya.

Wasu sun ba shi shawara ya kira Alhaji a waya. Ya ƙi. Ya ce Alhaji zai kira manaja ya tambaye shi, manaja ya ce tsari ne na aiki, magana ta mutu, shi kuma ya zama mai kai ƙara a ɓoye. In zai yi magana, a gaban kowa zai yi.

Kowace shekara ma'aikatan gidan burodin suna yin watanda a jajiberin ƙaramar Sallah: su haɗu su sayi sa guda, a yanka a farfajiya, a raba daidai. Tun zuwansa Malam Audi ke rabon, tunda ɗan mahauta ne. Yakan tsiba naman a kan buhunan fulawa da aka farke, kowane tsibi da tsokarsa da kitsensa da hantarsa. Amma komai iyawar mai rabo, wani tsibin sai ya fi wani, don haka ba wanda ke zaɓa. Kowa yakan samo wata 'yar alama, tsinke ko tsakuwa ko murfin kwalba, ya nuna wa jama'a. Sai a tattara a ba wanda bai ga lokacin da aka nuna ba, shi ya bi yana ɗora wa kowane tsibi alama ɗaya. Inda alamarka ta sauka nan ne rabonka. A gidan burodin Hajaratu ke wannan aikin, wata tsohuwa mai suyar ƙosai a bakin ƙofa, da ake sa wa ta juya baya ta fuskanci bango.

A ranar watandar wannan Sallar Alhaji ya zo daga Katsina, kamar yadda ya saba kowace Sallah. Aka sa masa kujera a inuwar dalbejiya. Mutum goma sha shida ne a watandar, har da manaja, har da Ɗanlahadi wanda coci yake zuwa amma bai taɓa fashin watanda ba. Hajaratu ta bi ta ɗora alamomi. Murfin biron manaja ya sauka a kan tsibin da kowa ya ga ya fi yawan jijiya. Aka yi dariya.

"Manaja, yau sai Madam ta kwana tana hura wuta," in ji wani mai kwaɓa fulawa.

Manaja ma ya yi dariya. "Rabona ke nan. Wa zan yi wa faɗa, Iya Hajaratu?"

Malam Audi yana tsugune yana goge wuƙa. Ya miƙe, ya wanke hannu a famfo, ya je ya ciro makullan motoci uku daga ƙusar da ake rataye su. Ya shimfiɗa buhu a gaban Alhaji, ya jera su da tazara.

"Alhaji, Allah shi ƙara lafiya. Ina da roƙo a gaban jama'a."

"Faɗi, Malam Audi."

"Wanga cikin gari. Wanga Malumfashi. Wanga Sheme. Yanzu aka raba nama, manaja ya samu mai jijiya, bai yi fushi da kowa ba, don ya ga yadda aka yi. Ina roƙo hanya ma a riƙa raba ta haka. Duk Litinin, mu uku, Iya ta ɗora."

Masu ɗaure nama a leda suka tsaya. Manaja ya ce, "Baba Audi, wannan maganar ofis ce, ba ta nan ba."

"Na kai ta ofis, Manaja."

Alhaji ya dubi manaja, ya dubi allon da ke bango. Ya tambaya yanzu ya ake yi. Manaja ya ce ana duba ƙwarewa ne da sanin hanya. Alhaji ya juya wajen Jabiru.

"Kai, sau nawa ka je Sheme?"

Jabiru ya sunkuyar da kai. "Ban taɓa ba, Alhaji."

"Kai fa?"

"Ban ƙirga ba, Alhaji," in ji Ɗanlahadi. "Amma ga ƙofar Gwaggo can, a duba."

Alhaji bai san da maganar harbin ba. An gaya masa mota ta samu matsala a hanya. Ya tashi ya je ya sa yatsa a hudar, ya daɗe a tsaye. Malam Audi ya ce mini a wannan tsayuwar ya riga ya fara tunanin wanda zai je wurinsa neman aikin gadi, domin Alhaji ba mutum ne mai son a kunyata wanda ya naɗa ba. Da Alhaji ya dawo bai zauna ba.

"A yi yadda ya ce. Kuma sabuwar mota ta bi wanda ya samu Sheme." Ya dubi Malam Audi. "Kai kuma, gaba in kana da magana irin wagga, ba sai ka jira na zauna cikin mutane ba."

Litinin ta farko bayan Sallah aka fara. Hajaratu ta juya baya, direbobi uku suka nuna alamunsu, ta juyo ta ɗora. Tsinken Malam Audi ya sauka a kan Sheme. Wani ya ce, "Baba, ka haƙa ka faɗa." Ya ɗauki makullin sabuwar mota ya tafi. Sati na biyu ta faɗa kan Ɗanlahadi. Ya ɗauka ya tafi. Na tambaye shi me Rahila ta ce. Ya ce ta tambaya ko a gabansa aka ɗora, ya ce eh, sai ta zuba masa ruwa a gora.

Sati na uku ta sake komawa kan Malam Audi. Sati na huɗu murfin kwalbar Jabiru ya sauka a kan Sheme.

Kwana biyu kafin nan an tare wata motar fasinja tsakanin Sheme da Yankara, labarin yana bakin kowa. Jabiru ya tsaya yana kallon makullin bai taɓa shi ba. Manaja ya shiga ofis, ya aiko a kira Malam Audi. Wannan karon shi ya tashi ya rufe ƙofa, ya jawo masa kujera.

"Baba, ba umarni nake ba ka ba. Roƙo ne. Ka yi mani satin nan. Zan ba ka cikin gari wata guda, ba wanda zai ji."

"Kowa zai ji, Manaja. Mota ba ta fita a ɓoye."

"Matata na da ciki wata takwas. In ta ji an tura shi…"

Malam Audi ya ce ya ji tausayinsa a lokacin. Amma ya ce masa, "In na karɓa yau, Litinin mai zuwa Ɗanlahadi ba zai miƙa alama ba, kuma yana da gaskiya. Ka yi haƙuri."

"Ka san abin da kake yi?"

"Na sani."

Da ya fito ya tarar Jabiru ya riga ya ɗauki makullin, ana loda masa burodi. Jabiru ya ji ana cewa a tanderu ƙanin Madam ba zai iya ba, abin ya yi masa zafi. Malam Audi ya jingina da tagar motar ya gaya masa abin da ya sani. Kada ya bar gari kafin ƙarfe takwas. Ya tsaya a shingen ƙarshe ya tambayi 'yan sa-kai. In ya yi minti biyar bai ga mota ta taho daga gaba ba, ya tsaya ya juya hancin mota wajen gida ya jira. In mai tahowa ya ƙyafta masa fitila sau biyu, kada ya tsaya tambaya. Kada ya ɗauki kowa, ko da mace ce da goyo. Ya baro Faskari kafin la'asar, ko burodi ya ƙare ko bai ƙare ba.

"Baba, in na ga babura fa?"

"Giyar baya. Motarka ba Gwaggo ba ce, ba za ta mutu ba."

Jabiru ya fita takwas da kwata. Malam Audi, da cikin gari ya faɗo masa, ya gama rabonsa da azahar ya dawo. Manaja yana tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu. Jabiru ya kira daga Sheme ƙarfe goma, daga nan wayarsa ta daina shiga. Wannan ba sabon abu ba ne a yankin, sabis yakan ɗauke yini guda, amma ba wanda ya iya gaya wa manaja haka. Ƙarfe biyu wani direban tasha ya zo da labarin an ji harbi wajen Yankara. Wani kuma ya ce ba Yankara ba ce, can cikin daji ne. Matar manaja ta kira sau huɗu, yana shiga ofis ya amsa ya fito.

Malam Audi ya zauna a kan bencin Hajaratu. Ba wanda ya zauna kusa da shi. Manaja ya wuce ta gabansa ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "In wani abu ya faru, kai za ka je ka faɗa masu."

"Zan je," in ji Malam Audi.

An kira la'asar, aka yi salla a farfajiya. Ƙarfe biyar saura sabuwar motar ta shigo, ba ko ƙwarzane. Jabiru ya fito rigarsa jiƙe da gumi. Ya ce bayan Yankara ya ga hanya ta yi shiru, ya tsaya ya juya hancin mota kamar yadda aka ce masa, ya yi awa biyu tare da wasu motoci shida har sojoji suka wuce gaba. Burodin Faskari rabi ya dawo da shi. Ya sha ruwa a famfo, ya zauna a ƙasa, ya ce wa Ɗanlahadi, "Kai haka kake yi kullum?" Ɗanlahadi ya ce, "Da Gwaggo." Washegari Jabiru ya sake fita, ya cika satinsa.

Na sami manaja a ofis don jin nasa ɓangaren. Ya ce har yanzu yana ganin bai dace a bar tsinke da murfin kwalba su yanke abin da ya kamata shugaba ya yanke ba, kuma akwai ranar da za ta faɗa kan wanda ba shi da lafiya. Ya ce bai taɓa nufin cutar da kowa ba, ya kare wanda aka ba shi amana ne. Na tambaye shi ko sauran biyun ba amana ba ne. Ya ce wannan tambayar Baba Audi ya riga ya yi masa ita.

A da Malam Audi ke riƙe da makullin ɗakin kayan gyara, shi ke kai motoci wurin makanike. An karɓe wannan an ba wani. Ya nemi hutun kwana biyu don zuwa gaisuwar rasuwa a Sabuwa, aka ce aiki ya yi yawa, sai ya tura babban ɗansa. Manaja yana amsa gaisuwarsa, ba ya ƙara komai a kai. Ba a kore shi ba, kuma duk Litinin ana shimfiɗa buhu. Zuwa ranar da na bar Ƙanƙara an yi rabon sau talatin da ɗaya: Sheme ta faɗa kan Malam Audi sau goma sha biyu, Ɗanlahadi sau tara, Jabiru sau goma.